Inda Salman Ya Tsaya

Wata huɗu bayan an kashe Salman a bakin daga, can arewa maso gabas, wani abokin aikinsa ya kawo jakarsa gida Hunkuyi. Babu abu mai yawa a ciki: kaya kala biyu, carbi, takalmin roba, da wayarsa wadda gilashinta ya tsage ta gefe. Mahaifinsa, Malam Ashafa, tsohon sajan ne, ya yi yaƙin Laberiya kafin ya ajiye kaki ya koma noman rake. Ya karɓi jakar, ya yi godiya, ya tura ta ƙarƙashin gado. Wayar kuwa ya miƙa wa Farida, yayar Salman, wadda ke koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a Ikara.

"Ki duba ko akwai hotunansa," ya ce. "Ni idona ba ya ganin waɗannan ƙananan abubuwa."

Rabon da ya yi mata magana mai tsawon haka tun ranar sadakar uku. A ranar ne Farida ta faɗa masa, a gaban mahaifiyarsu Inna Sabuwa, cewa shi ya tura Salman soja alhali karatu yake so. Ba ta janye maganar ba. Daga nan sai gaisuwa kawai, kowa kansa a ƙasa.

Wani mai gyaran waya a Makarfi ya buɗe mata ita. Hotuna kaɗan ne. Abin da ya cika wayar fim ne na zane irin na mutanen Japan, kashi tamanin da huɗu, ana magana da yarensu, fassarar Turanci tana wucewa a ƙasa. Akwai kuma littattafai goma sha biyu, su ma da Turanci, waɗanda daga cikinsu aka ciro fim ɗin.

Ran Asabar ta koma Hunkuyi ta nuna wa mahaifinta hotunan, sannan ta faɗa masa sauran abin da ta gani.

"Zane?" ya ce. "Ƙaton soja da kallon abin yara?"

"Ba na yara ba ne, Baba. Yaƙi ne."

Ya murza gemu. Can ya ce, "Kunna mu gani."

Labarin yaƙi ne a sararin samaniya, tsakanin duniyoyin da ke nesa da juna, da jirage manya kamar garuruwa. Amma ba manyan kwamandoji aka bi ba. Wani ƙaramin jirgi aka bi, mai mutum bakwai, aikinsa kai wasiƙun sojoji gida. Saboda nisan tafiya, wasiƙa kan yi shekara uku a hanya, sau da yawa kafin ta isa mai rubuta ta ya daɗe da mutuwa.

Malam Ashafa ba ya iya bin rubutun, don haka Farida take tsayar da fim ɗin ta fassara masa. Suka kalli kashi biyu a zaure bayan La'asar. Da ta tashi tafiya ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Wata Asabar ɗin ki taho da caji cike."

Haka abin ya zama al'ada. Kowace Asabar ta fito daga Ikara da safe, ta canza mota a Makarfi, ta ƙarasa a babur. Ta jingina wayar da kwanon sha a kan tabarma, su zauna kafaɗa da kafaɗa, don fuskar wayar ƙarama ce. Inna Sabuwa ba ta taɓa zama ba. Da ta ji kiɗan farko sai ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta, domin kiɗan ne Salman yake yawan yi da fito idan ya zo hutu.

Tsohon ya daina cewa abin yara ne. Ya koma gyara musu aiki. "Ba haka ake tsayuwa gaban babba ba." Ko kuma, "Wannan hafsan zai kashe mutanensa, dubi yadda ya bar bayansa a buɗe." Akwai wani tsohon sajan a jirgin, mai faɗa, mai ɓoye shayi a cikin akwatin harsashi, shi ne mutuminsa. Ran da aka nuna jiragen yaƙi dubu suna ƙonewa a cikin duhu babu ƙara ko kaɗan, ya tambaya ko wayar ce ta lalace. Farida ta ce a can babu iska, shi ya sa ba a jin sauti.

"To sun huta," ya ce. "Ƙarar ce ba ta barin mutum."

Wannan ne abu na farko da ta taɓa ji ya faɗa game da yaƙinsa.

Damina ta sauka, rake ya yi tsawo, suka kai kashi na hamsin da takwas. Wayar tana riƙe wurin da mai kallo ya tsaya. Duk na baya daga farko suke tashi, don Salman ya kalle su har ƙarshe. Wannan kuwa da ta taɓa shi sai ya tashi daga tsakiya, minti na tara, jirgin wasiƙun ya lalace, mutanensa suna gardamar ko su juya ko su ci gaba. Farida ta kai hannu za ta mayar da shi baya.

"Me ya sa ya fara daga nan?" Malam Ashafa ya tambaya.

Ta so ta ce kuskure ne. Ta ce, "Nan ya tsaya, Baba."

Ya daɗe yana duban hoton da ya daskare. "Sauran fa?"

"Bai buɗe su ba."

"Kashe," ya ce. Ya tashi ya ɗauki buta, alhali da sauran lokaci kafin Magariba.

Asabar ta gaba ta zo da wayar, bai tambaya ba, ita ma ba ta fito da ita daga jaka ba. Haka ta bayanta. Sai Farida ta ci gaba ita kaɗai a Ikara, a ɗakin malamai idan an tashi ɗalibai. Ta gama fim ɗin, ta tarar bai kai ƙarshen labarin ba, masu yinsa a littafi na tara suka tsaya. Ta karanta ukun da suka rage cikin mako biyu, idonta na zafi saboda ƙananan haruffa.

Wata Asabar ta iske mahaifinta a bakin gona, zaune a kan kututture, 'yan ƙwadago suna aiki can ciki. Ya rame. Bayan sun gaisa, ta zauna a ƙasa gefensa.

"Kin ƙarasa?" ya ce.

"Na ƙarasa."

"Sun isa gida?"

Tun a mota take tunanin abin da za ta ce idan ya yi wannan tambayar, kuma ta shirya cewa sun isa lafiya. Da ta dubi fuskarsa sai ta kasa.

"Jirgin ya isa, Baba. Mutum biyu ne suka rage a ciki."

"Sajan ɗin?"

"Babu shi."

Ya gyaɗa kai. "Mai rubutun ya san abin da yake yi. Da duk sun koma, da na ce maƙaryaci ne."

Iska ta kaɗa ganyen rake. Ya ɗauki wani kara yana zana ƙasa da shi.

"Ran da na kai shi tasha," ya ce, "ya tambaye ni, in ya yi shekara biyar zan bar shi ya fito ya koma makaranta? Na ce za mu gani. Bara da rani na yanke shawarar ya fito. Har na je Zariya na tambayo yadda ake shiga jami'a. Na ce ba zan faɗa masa a waya ba, sai ya zo hutu mu zauna. Wata bakwai waya tana aljihuna, kullum muna gaisawa. In tambaye shi lafiya, in tambaye shi abinci, in kashe."

Farida ta so ta ce masa ta janye maganarta ta ranar sadakar uku, amma har yanzu akwai wani wuri a zuciyarta da bai janye ba, kuma ta san zai gane idan ta yi masa ƙarya.

"Allah ya jiƙansa, Baba," ta ce.

"Amin."

Suka zauna har 'yan ƙwadago suka fito. Ta riƙe masa hannu wajen tsallake kwalbati, bai hana ba.

Da aka sare raken shekarar, ya bar wa ɗan ƙanensa gonar, ya ce ƙafarsa ta gaji. Farida ta rubuta takardar neman a mayar da ita wata makaranta a Kudan, har yanzu ba a amsa ba. Tana zuwa duk Asabar. Su zauna a zaure, ita tana duba takardun ɗalibai, shi yana kallon hanya. Wani lokaci har ta tashi tafiya maganarsu ba ta wuce ta tsadar taki ba.