Rijiyar da Illa Ya Wuce

Da rijiyoyin Kelle suka ƙafe a tsakiyar rani, Illa, wani tsohon soja, ya ce shi zai kai shanun danginsu wata rijiya can arewa. Bai taɓa zuwa ba, amma yana da taswira da kamfas, allurar nan mai nuna arewa. Wansa Husseini ya raka shi.

Kwana huɗu suna bin allura. Ran na biyar ba rijiya ba alamarta, sai rairayi. Shanu suka fara durƙushewa. Husseini, wanda dama zazzaɓi ke cinsa, ya kwanta gindin wata aduwa, bai sake tashi ba. Wasu masu raƙuma ne suka tsinci Illa, suka ce ai rijiyar tana bayansa ta yamma, ko tafiyar awa guda ba ta kai ba.

Bayan sadakar arba'in Illa ya zo garin Gure wajen Malam Tahiru mai awon filaye.

"Malam, allurar ce ta lalace?"

"Lafiyarta lau," in ji Tahiru. "Arewar taswira daban, wadda allura ke nunawa daban. A ƙasarmu bambancin ɗan kaɗan ne. Amma in ka kwana huɗu kana tafiya ba gyara, sai ya zama nisa."

Illa ya yi wa Malam sallama. Sannan ya nufi tasha. Matar Husseini na jiran bayani a Kelle, shi kuwa bai san ta inda zai fara ba.