Zanen Gregory

"Da hammata za ka matsa, Amadou, ba da kumatu ba!" in ji Gregory, sai tari ya sarƙe shi.

Amadou ya saki bakin sarewar, ya jira tarin ya lafa. Tsohon na zaune a kujerar roba a bayan gidansa, siririn tiyo a hanci, tukunyar iska a gefen ƙafa. Duk da haka sai da ya ɗaura zanen nan nasa mai gidan dara, kore da baƙi, ƙwauri a waje kamar na zalɓe. Kilt yake ce masa, wai tufar kakansa ce na wajen uwa, mutumin Scotland. Tchima, matar Amadou, ba ta taɓa wahalar da bakinta ba. A wurinta zane ne, kuma ɗaurin ma bai kai ba.

Tun da matar Gregory ta rasu shekara uku baya ya sayo bagpipe, wata salka mai sanduna da ake rungumewa a hammata ana hurawa. Daga ranar la'asar ɗin unguwar ba ta sake zama lafiya ba. Tchima kan ce maƙwabci ya sake danne akuyarsa. Waƙa ɗaya tak yake so ya iya, wadda aka busa ranar binne mahaifiyarsa, amma huhun da ya sha ƙurar auduga shekara talatin a masaƙa ya ƙi ba shi dama.

Shi Amadou tsautsayi ne ya ja shi. Wata rana ya shigo wa tsohon da cefane, ya ga ƙaramar sarewar koyo a kan tebur, hannunsa ya riga hankalinsa kaiwa. Ya yi ta busa, kumatu sun yi suntum, bai ko tsaya jan numfashi ba. Gregory ya saki baki. Dole Amadou ya faɗa masa abin da ba wanda ya sani a nan Greensboro ta Amurka in ban da Tchima: ubansa mai algaita ne a Tasawa, bukukuwa yake bi. A nan kuwa Amadou mai aikin sito ne a titin Wendover, ɗan sahun gaba a masallaci, kuma haka yake so a san shi.

Da tarin ya sake shi, Gregory ya ce, "Likita ya ce ba zan ga Kirsimeti ba."

"Haba, Baba Gregory, bar faɗin haka."

"Ka busa mini ita a bakin kabari. Da kilt ɗin. Ba a busa wannan abin da jeans."

Amadou ya dubi zanen, ya dubi ƙasa. Ya hango kansa tsaye a bainar jama'a da ɗaurin zane, ya hango labarin ya isa masallaci kafin Juma'a, daga nan ya bi waya har Tasawa. Sai bakinsa ya faɗi abin da bakin kowa kan faɗa idan an ɗora masa abin da ba zai yi ba, kuma kunya ta hana shi cewa a'a.

"In sha Allah."

"Me ke nan?"

"In Allah ya yarda."

Tsohon ya maimaita kalmar sau biyu, yana murmushi.

Wata Talata cikin Oktoba Gregory ya cika, da hantsi, Amadou na wurin aiki. Da ya dawo, Tchima ce ta tare shi a bakin ƙofa, ido jajir. "Voisin ya rasu," ta ce, tana nufin maƙwabcin nasu. Ya yi salati, ya zauna a kan matattakala, ya yi kuka sosai, don yana son tsohon nan. Sai dai can ƙarƙashin kukan akwai wani ɗan sauƙi da ya ji kunyarsa. Shi da Gregory kaɗai suka yi zancen busar.

Kashegari Denise, 'yar Gregory, ta ƙwanƙwasa musu ƙofa da akwati a hannu. Ta ajiye shi a tsakiyar falo, ta buɗe. Salkar ce, da zanen a ninke a samanta.

"Ranar Asabar ne," ta ce. "Daddy ya ce kada in nemi kowa. Ya ce ka ce masa inshallah, kuma a wurinku babu alkawarin da ya kai wannan nauyi, tunda da sunan Allah ake yin sa."

Amadou ya dubi zanen. Ya yi mata godiya.

A lokacin hutun rana ya gaya wa Abdoul-Aziz, abokin aikinsa, mutumin Maraɗi. Abdoul-Aziz ya ajiye cokali.

"Bon, in sha Allah ka ce, ba ka ce wallahi ba. Kowa ya san irin wannan in sha Allahun."

"Shi bai san ta ba. Ta gaskiyar ya ji."

"Vraiment, da gaske, Amadou? Ka ɗaura zane ka yi busa kamar wani ɗan maroƙi?"

"Ai ɗan maroƙin ne," in ji Amadou. "Ubana Ɗalha mai algaita. Ka tambayi kowa a Tasawa."

Abdoul-Aziz ya rasa inda zai sa idonsa, ya koma kan shinkafarsa.

Ranar Asabar da safe Tchima ta durƙusa ta ɗaura masa zanen a kan baƙin wando, tana soka fil. "Gwiwa dai ba za ta fita ba," ta ce. Ba ta yi dariya ba, shi kuwa da ta yi da ya fi jin daɗi.

Mutanen ba su wuce ashirin ba, yawanci tsofaffin masaƙa da matan coci. Da fasto ya gama, Denise ta ɗaga masa kai. Amadou ya cika salkar, ya matsa da hammata, ya busa. A tsakiya yatsunsa suka ɗan karkata zuwa busar Tasawa kafin ya dawo da su. Ba wanda ya lura.

Sai da ya kai ƙarshen waƙar ya tuna ba su taɓa zuwa nan tare ba, kullum tari ke katse su. Gregory bai koya masa yadda ake tsayar da ita ba. Ya cire bakinsa, ya ɗaga yatsu, amma salkar ba ta yi shiru ba. Ta ci gaba da fitar da sauran iskar a hankali, murya na ƙanƙancewa. Amadou ya tsaya rungume da ita, mutane duk sun sunkuyar da kai, suna jiran ta gama.