Lungun Alhaji, Kwatar Mulikatu

Mulikatu ta ɗauko tukunyar koko a ka, sai ta ci karo da kwaɗo a ƙofar lungu, sabo fil, ko ledarsa ba a ɓare ba.

Gidansu a unguwar Nima bai taɓa ganin titi ba. Gidaje sun matse shi ta ko'ina, mafita ɗaya ce, wannan siririn lungun na Alhaji Garuba. Ɗan Alhaji kuwa yana takarar asambuliman, wato kansilan unguwa, an kuma kai gulma cewa Mulikatu ta manna hoton abokin hamayyarsa a teburin kokonta. Saƙo ya zo: ta cire hoto, a cire kwaɗo.

Koko ya huce, ƙosai ya saki jiki, kwastomomi suka koma unguwar Maamobi.

Yayanta Lauwali, direban motar albasa daga Nijar, ya ce ta rufa wa kanta asiri ta cire. Shi fa ya yi wata biyu a boda lokacin da aka rufe wa ƙasarsu hanya, yana kallo albasa ta zama miya a bayan mota. Ƙasar da ba ta da teku, in ji shi, mai tashar jirgin ruwa ne babanta.

"Yaya, kai hanyar mota kaɗai ka sani," in ji ta. "Zo ka ga hanyar ruwa."

Ta nuna masa wata kafa a gindin katanga. Gidan Alhaji a tudu yake, nasu a gangare. Ruwan wankansa, na wanki, na alwala, na sama, duk ta nan suke ratsa tsakar gidansu su faɗa babbar kwata. Shekara ashirin suna share masa, ko sannu.

Ta cusa buhu, ta danne da bulo biyu, ta ɗaga kai ta gai da hadari.

Kafin la'asar butocin Alhaji suna yawo a tsakar gidansa, takalma na biye da su kamar ɗaurin aure. Sai ga shi da kansa, wando naɗe zuwa gwiwa, makulli a hannu, yana kiran ta 'yata.

"Riƙe makullinka, Baba Alhaji. Gobe ma kana iya sayen wani kwaɗon. Ƙofar za a cire."

Ya dubi sama, ruwa bai da niyyar tsayawa. Ya aika a kira kafinta.

Mulikatu ta buɗe lema, ta zauna a kan bulon tana jira.