Tabon Kurkur a Rigar Malam

Shekara goma sha huɗu Malam ya yi yana koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare ɗaya, a ɗakin gwaji ɗaya mai famfo uku, biyu daga ciki ba sa kawo ruwa. Ɗalibai sun laƙaba masa suna Malam Gishiri-da-Ruwa, don ba ya fita aji bai ce, "Asid ya haɗu da alkali, me za a samu? Gishiri da ruwa," ba. Ya san da sunan, bai taɓa nuna ya sani ba.

Ran Talata shugabar makaranta ta sanar da shi cewa jami'a mai duba makarantu za ta zauna a ajinsa washegari, bayan hutun rana. Darasin kuwa na alkali ne. Ya buɗe durowa ya tarar takardar litmas, wadda ake tsomawa a gane asid ko alkali, ta sha danshi ta lalace. Sai ya yanke shawarar zai cika allo da rubutu kawai, kamar yadda ya saba. Da safe ya sa farar rigarsa, wadda uwargida ta goge har tana ɗaukar ido.

Da aka fita hutu ya zauna a ɗakin malamai yana cin shinkafa da miya, hannu ɗaya riƙe da cokali, ɗayan yana juya takardun darasi. Miyar ta sha kurkur. Cokali ya karkace, miya ta sauka a ƙirjinsa, tabo rawaya kamar faɗin tafin hannu.

Saura minti ashirin a koma aji. Ya nufi famfon bayan ɗakin gwaji, ya tarar da sabulun wanki a gefe, ya jiƙa wurin ya goga da ƙarfi. Kafin ya ɗauraye, tabon ya rikiɗe ya koma ja jawur. Ya ƙara sabulu, ja ya ƙara yaɗuwa.

Inna mai shara, wadda ta riga shi zuwa makarantar da shekaru, tana zaune a kan bokitin da ta kife tana kallonsa.

"Malam, wa ya soke ka?" ta tambaya.

"Ba wanda ya soke ni, Inna. Miya ce."

"To ai ka yi mata laifi ne. Wa ya ce maka ana sa wa kurkur sabulu?"

"To me ake sa masa?"

Ta laluba aljihun rigar aikinta ta fito da lemun tsami, irin wanda take goge bakin famfo da shi. Ta yanka biyu ta miƙo masa. "Matsa a kai. Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane haɗa magunguna."

Ya matsa. Duk inda ruwan lemun ya taɓa, jan ya janye, rawaya ta dawo. Malam ya tsaya yana kallon ƙirjinsa, baki a ɗan buɗe. Sai ya ɗauki sabulu ya ɗiga a gefe, wurin ya yi ja. Ya ɗiga lemu, ya koma rawaya. Ya sake.

"Malam, rigar fa taka ce, ba ta gwamnati ba," in ji Inna.

"Inna, lemu nawa ne a aljihunki?"

"Uku."

"Ba ni aron su."

Ya wuce ɗakin girkin makaranta ya roƙi mai dafa abinci garin kurkur cokali biyu da tokar murhu. Da aka kaɗa ƙararrawa ya shiga aji da jiƙaƙƙiyar riga, rabin tabon ja, rabi rawaya. Jami'ar tana kujerar baya da littafinta a cinya. Ta dube shi ta saman tabarau. Ɗalibai suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

"Ku yi dariyar ku gama, muna da aiki," ya ce.

Ya sa aka dama kurkur da ruwa, kowane tebur ya shafa a farar takarda. Ya raba kofuna: ruwan sabulu, ruwan toka da aka tace, ruwan famfo. Aka ɗiga ruwan famfo, takarda ba ta canza ba. Aka ɗiga na sabulu da na toka, ta yi ja. Ya yi musu bayani cewa akwai sinadaran da ke kashe kaifin asid, waɗanda ke narkewa a ruwa daga cikinsu su ne alkali, suna da santsi a yatsa, kuma masu ƙarfinsu, irin sodar da ake dafa sabulu da ita, suna ƙona fata, don haka ba a taɓawa, ba a ɗanɗanawa. Sannan ya zagaya da lemun tsami, kowa ya ga ja ya koma rawaya da idonsa.

Wata ɗaliba da ake kira Lauya, saboda ba a gama magana ba ta yi tambaya ba, ta ɗaga hannu. "Malam, ruwa dai mun gani. Ina gishirin?"

"Ya narke, yana cikin takardarki. Nawa kuma yana cikin rigata."

"To Malam, kai ka gano wannan?"

Jami'ar ta ɗago kai. Ya leƙa taga ya kira Inna, wadda dama tana laɓe a wurin da tsintsiyarta.

"Ga wadda ta koya mini, ɗazu-ɗazun nan. Inna, kin san sabulunki alkali ne?"

"Alƙali?" ta ce. "Ni dai ban kai kowa ƙara ba. Lemuna zan karɓa in tafi."

Ajin ya ɓarke da dariya, har jami'ar ta rufe baki da littafinta. Bayan an tashi ta tsayar da shi a bakin ƙofa ta ce darasin ya yi kyau, sai dai ko layi ɗaya na abin da ya yi babu shi a tsarin darasin da ya rubuta, ya zauna ya rubuta shi yadda ya faru.

Da ya koma gida ya zayyana wa uwargida komai, har da zana mata lissafin haɗuwar sinadaran a bayan ambulan. Ta saurara har ya gama, tana tsince wake.

"Maigida, tun da aka kawo ni gidan nan nake wanke maka tabon miya. Da ka tambaye ni, da tuni ka zama farfesa."

Ta karɓi rigar ta ɗauraye, ta shanya a tsakiyar rana. Kwana biyu tana shanyawa, tabon ya dushe har ya ɓace. Ya ɗaga rigar yana dubawa gaba da baya.

"Me kika sa mata?"

"Ban sa komai ba."

"To me ya fitar da shi?"

"Ni ce malamar? Ga littattafanka can sun cika kabad."

Ya ajiye rigar a kan kujera, ya ɗauko tabarau, ya durƙusa gaban kabad ɗin.