Maiƙo a Tsakar Kan Merlene

…kuma ba gumi ba ne, gumi ba ya santsi haka. Merlene tana sake kai yatsa tsakar kanta, inda a da gashi yake, yanzu sai fata sumul. Tana murzawa, tana kaiwa hanci. Maganin ciwon dajin nan da ake ɗura mata ya kashe mata hanci, komai warin ƙarfe yake yi mata, amma wannan… wannan kam ta san shi tun tana rarrafe. Man zaitun ne.

Ko kuwa man da LaRae ke shafa mata ne? Ƙanwar tata ta tare a gidan tun da ciwo ya kwantar da ita, kullum da kwalba a hannu, Yaya fatarki ta bushe, Yaya miƙo ƙafa. To amma man LaRae fari ne, ƙamshin fure yake yi. Kuma wa ke shafa mai ɗigo ɗaya? Ɗigo ɗaya tak, a tsakiyar kai, daidai inda mazan coci ke ɗigawa kafin su ɗora hannu su yi wa majinyaci albarka — a'a. Tsaya, Merlene. Bi abin a hankali.

Ta ci abincin rana, ko dai ta taɓa shi. LaRae ta kawo ƙwayar barci da ruwa. Ɗaya ce ko biyu? A tafin hannu ta miƙo, hannun a ɗan dunƙule, tana ta surutun tumatirinta da sanyi ya ƙone. Yaushe LaRae ta fara damuwa da tumatir? Daga nan sai barci. Barci mai nauyi, mai daɗi, irin wanda rabonta da shi tun kafin likita ta nuna mata tabon nan a hoton huhunta. Abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Me ya sa ta yi barci mai daɗi haka?

Kujera. Kujerar nan ta gindin taga ba a nan take ba da safe, an jawo ta, an mai da ta, amma ba a kan sawunta ba. Ga ramukan ƙafafunta huɗu a kafet, ga ta can gefe. Kafet ɗin ma… LaRae ta bi shi da injin shara da hantsi, ta bar layukan nan nata miƙaƙƙu, irin na uwarsu. Yanzu dubi gefen gado wajen kai. Sawu. Sawun takalmi, babba. Mijinta DeLoy ba ya shiga ɗaki da takalmi, ita ta hore shi a kan haka tun suna amarci. To ƙafar wa? Mutum ɗaya ne a layin nan mai ƙafa kamar kwale-kwale, Ɗan'uwa Hatch, kamar yadda ake kiransa a coci, maƙwabcinsu, mai ɗaga mata hannu ta saman shinge da murmushin nan nasa na tausayi, kamar wanda ya ga kare da ƙafa uku.

Su biyu ake so dama. Ɗaya ya ɗiga man, ɗaya ya ja addu'ar.

DeLoy ya yi mata alkawari. A mota, a filin asibiti a garin Logan, injin a kashe, dusar ƙanƙara na taruwa a gilashi. Ta ce masa ya kai ta duk inda za a kai ta, ya riƙe mata roba in tana amai, ya yi addu'arsa a zuci yadda ya ga dama, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abu ɗaya ta roƙa. «Ba mai, ba ɗora hannu. Ko na suma, ko ina shure-shuren mutuwa. Jikina ne, DeLoy. Shi kaɗai ya rage da ba su da iko da shi.» Ya ce ya yi alkawari. Ya faɗa da bakinsa. Amma ita ya kalla ko sitiyari? Makullin motar na lilo a ƙarƙashin sitiyarin, da 'yar kwalbar ƙarfen nan ta tsarkakken mai da kowane dattijon coci ke rataye da ita, tana ƙwanƙwasar gwiwarsa, ƙwas, ƙwas…

Mutumin da bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ko kuɗin taya bai taɓa ɓoye mata ba. In shi ma ya — to wa ya rage?

Hannun Baba. Kai, ina ruwan Baba a nan? Warin shanu da sabulu, tafi kamar bulo, ita tana 'yar mitsitsiya da zazzaɓi, nauyin hannun na sauka a kanta, muryarsa na kiran cikakken sunanta, Merlene Ann, da ikon da aka ba ni… sai duniya ta tsaya cak, ba abin da zai same ta. Ta so abin nan. Ta so shi ƙwarai, shi ya sa yake mata ciwo. Su 'yan coci suna zaton wanda ya fita daga cikinsu bai taɓa so ba ne. Ko wani ya ɓata masa rai a wajen walima, ko yana ƙwaɗayin zunubi. Zunubi! Tana da jikoki ta fara kurɓar gahawar da coci ta haramta, a garin gaba, cikin mota, ta duƙar da kai kamar ɓarauniya. Ɗaci ne da ita ma. Wai saboda wannan ta rushe rayuwarta.

Darasi take shiryawa fa. Darasin ajin mata na ranar Lahadi, kan tarihin coci, ta shiga karatu don ta kyautata, ta ci karo da abin da ba a taɓa koya mata ba, ta tambayi bishop, shugaban cocin unguwarsu, ya ce ta ƙara addu'a. Ta ƙara. Ta yi azumi har jiri na ɗibarta. Ta koma da tambaya biyu maimakon ɗaya. Daga nan fuskoki suka canza, a hankali, cikin ladabi, ba wanda ya ɗaga murya. A garin nan ba a ɗaga murya. Da murmushi ake yanka mutum, a kawo masa burodin ayaba a kai.

Kuma su ce wai ta bar coci amma ta ƙi barin coci ta huta. LaRae ta faɗa mata haka, tana ninke tawul, ba ta ko ɗago ba. Yaya, in ba gaskiya ba ce, me ya sa kullum ita ce a bakinki? Oho! Ita ce ta ƙi bari? Ta buɗe taga, ga hasumiyar babban haikalin cocin a kan tudu. Ta je kanti, mai awo mataimakin bishop ne. Auren 'yarta ta fari a wajen haikalin ta tsaya, a kan ciyawa, riƙe da jakunkunan mutane, saboda wanda ba shi da takardar shiga ba ya shiga, ko da shi ya yi naƙudar amarya. Jikarta ta tambaye ta, Kaka, da gaske ba za ki zauna tare da mu a sama ba? Wa ya koya wa yarinya wannan? Ba ita ta je ta ƙwanƙwasa ƙofarsu ba. Su ne ke zuwa, da kwano a rufe.

Kwano kam ga su nan, firji ya cika har ba ya rufuwa. Jeli kore mai karas a ciki. Dankalin nan mai cuku da ake kaiwa gidan makoki, har tire uku. Ku bari in mutu mana tukuna! Ta faɗa wa 'Yar'uwa Hatch, matar maƙwabcin, haka, matar ta yi dariya, ta ce kai Merlene, ba kya canzawa. Ta rungume ta, hannu na bin bayanta a hankali, yana laluben layin rigar ciki ta haikali, ko ta koma sakawa tun da ciwo ya zo. Ta san laluben. Duk macen garin nan ta san shi. Jira suke. Ciwo ne zai karya ta, haka suke gaya wa juna, Uba na Sama yana da hanyoyinsa na dawo da ɓatacciya. To kirkin na gaske ne ko aiki aka ba su? Wa ya sani. Watakila su kansu ba su sani ba.

Muryoyi a kicin. Ƙasa-ƙasa. LaRae da DeLoy. Famfo a buɗe — wa ke barin famfo na zuba haka in ba don ya rufe magana ba? DeLoy da ke bin mutane yana kashe fitila. Ta ji «ta farka?» ko kuwa «ta sha?» Ba ta ji makulli a ƙusa ba yau. Kullum in ya shigo sai ya rataye shi a bakin ƙofa, kacau. Yau shiru. A aljihunsa yake ke nan. Me makullin mota ke yi a aljihun mutumin da bai fita ba?

Ko dai ita ce ta haukace? Magani na sa haka, an gaya mata, mutum ya riƙa ganin abin da babu. Watakila mai gyaran na'urar ɗumama gida ne ya shigo da takalmi. Watakila LaRae ta yi girki da man zaitun ta zo ta taɓa kanta ta ji ko da zazzaɓi. Watakila. To da can ma ai haka suka ce, tunani ne ya yi miki yawa, Merlene, karatu ne ya yi miki yawa. Rabin rayuwarta tana ƙaryata idonta don a zauna lafiya. Yanzu da ta koyi yarda da idon, sai ya ƙi rufuwa, ko a kan mijinta.

Waya.

Tana ƙara a kicin, an kashe famfo. Yau ne dama. Yau likita ta ce za ta kira da sakamakon sabon hoton, ko maganin ya ci, ko a fara maganar watannin da suka rage mata. Ta manta? Ba ta manta ba, ta dai sami abin da ya fi sauƙin tunawa. Takun DeLoy a baranda, da safa, sauri-sauri, da wani abu na kacau-kacau a aljihu. LaRae a bayansa, tana goge hannu a gaban riga.

Yana riƙe da wayar tsakaninsu. Muryar likita na fitowa, siririya, da fara'a. Tabon ya ragu. Ya ragu fiye da rabi, fiye da yadda suka sa rai, gaskiya ita kanta ta yi mamaki, ba kasafai take ganin haka ba. Za a ci gaba da magani, amma yanzu maganar shekaru ake, ba watanni ba.

Shekaru.

Ya kamata wani abu ya buɗe a ƙirjinta. Tana jira ya buɗe. Amma idonta na kan DeLoy, shi kuma ba ita ya fara kalla ba. LaRae ya kalla. Ƙiftawa ɗaya, ta saman kanta, LaRae ta dafe baki, ta ɗaga ido sama. Likita ta yi mamaki… Shi ke nan, an ba su mu'ujizar da suke nema. Lahadin azumi na nan tafe, ranar da kowa ke hawa mimbari ya ba da shaida. Tana ganin abin tun yanzu: DeLoy da farar riga, murya na sarƙewa, 'yan'uwa, likitoci ma sun rasa bayani. Mata na share hawaye. Jikokinta a layin gaba suna haddacewa. Amanta, jijiyoyinta da suka ƙone, gashinta a matsefi, duk za su zama labarin yadda aka yi wa mai taurin kai jinƙai tana barci. Da ta mutu, a ce ga ƙarshen wanda ya juya baya. Ta rayu, a ce ga ikon mai. Ta ina mutum zai fita?

«DeLoy,» muryarta a bushe. «Ba ni makullinka.»

«Maman yara, kin ji abin da ta ce kuwa? Ya ragu.»

«Na ji. Makullin.»

LaRae na cewa Yaya don girman Allah, yau ranar murna ce, ba wanda ya kula ta. DeLoy bai sa hannu a aljihu ba. Gwiwoyinsa ne ke sauka a kafet, daidai kan sawun nan, ya kifa fuska a bargon da uwarta ta ɗinka, kafaɗunsa na girgiza. Tsohon nan, da saiƙonsa da kunnuwansa jajaye. Daga cikin bargon maganar ke fitowa, da ƙyar.

«Ni ba likita ba ne, Merlene. Abin da nake da shi ke nan. Shi kaɗai aka koya min.»

Ba ta tambaye shi ko yau ne na farko ba. Ba ta da ƙarfin jin amsar.

Ga takardar goge hanci a gefen gado. Tana zaro ɗaya. Shafa ɗaya ce, ta goge, a gabansu, su gani, su san cewa ba ta yarda ba, ba ta taɓa yarda ba, man girki ne kawai da wasu maza suka yi wa magana. Ta sani. Ta karanta, ta biya kuɗin sanin da 'yarta da ƙawayenta da kujerarta a sama. Hannun na tashi, ya wuce kunne, ya kai gefen kai…

Fiye da rabi, in ji likita. Saura rabin.

In ta goge, kuma hoto na gaba ya — a'a. Haba, Merlene. Ke fa. Ke da kika…

Hannun na nan a sama, takardar na kaɗawa. DeLoy na kuka. LaRae ta zuba mata ido. Ita kuwa ta gaji, gajiya har cikin ƙashi, hannun ya yi nauyi, bai sauka ba, bai kuma goge ba.