Ƙwaro a Gadon Muhibba

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Malam Falalu, ta kuma ɗaure masa harshe, aiki ɗaya ya rage masa: ɓoye garin katako. Kullum da safe zai gan shi a gindin ƙafar gado, ɗan tsibi mai laushi, ƙarƙashin hudojin da ƙwaro ya yi. Sai ya zuro hannun da ke motsi, ya tura shi ƙarƙashin darduma kafin a kawo koko.

Gadon na marigayiya matarsa ne, Muhibba. Mahaifinta ya saya mata wajen wani Bature da zai bar Nassarawa, katakon Turai mai nauyi. A kansa ta cika. Shi ma a kansa yake son ya cika, bai da sauran wani buri.

Ranar Asabar surukarsa Najla ta sa aka ɗaga dardumar za a wanke.

"Abban Afrah," ta kira mijinta, "zo ka ga abin da Baba yake tara mana."

Mijin nata, Sanusi ɗan Malam Falalu, ya durƙusa, ya zura tsinken sakace cikin huda ɗaya, ya duba waya. "Yaɗuwa suke yi. Suna gama wannan sai ƙofofi."

"Ƙofofi kawai? Sabbin durowoyin kicin ɗina fa?"

Malam Falalu ya damƙi allon gadon, ya yi ƙoƙarin kiran sunan matarsa. Gurnani ne ya fito, da yawu.

"Ka ji, shi ma sun dame shi," in ji Najla, ta goge masa baki.

Sanusi ya ɓamɓare yatsun mahaifinsa ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi. "Haba Baba, na ƙarfe za a kawo maka, irin na asibiti."

Da yake za a yi wa ɗakin feshi, sai aka turo shi baranda a keken guragu. A gabansa maigadi ya faskara gadon da gatari, ya zuba kananzir, ya cinna wuta. Tsohon ya kafe wutar da ido. Tunda ya raka Muhibba har kabari, gadonta ma zai raka shi har toka.

"Hayaƙin nan zai tayar masa da tari," in ji Najla. "Juya shi."

Sanusi ya juya keken ya fuskanci bango. Malam Falalu ya zauna yana kallon fenti, katako na fashewa a bayansa, su kuma suna shawarar kalar labulen da zai dace da ɗakin.