Cakulan a Bakin Randa

Shekara goma sha huɗu Peter, mijina, yana kuku a gidan wani Bature a GRA. Saura kwana goma Kirsimeti, firijin gidan mai aiki da kananzir ya mutu, cakulan ɗin da ya shimfiɗa a tire ya ƙi daskarewa. Sai Madam, matar Baturen, ta tsaya gaban baƙinta ta ce wai ya tsufa, hannunsa ya lalace, ya tafi. Ku ji fa! Firij ya mutu, mijina aka kora.

Korar ba ta dame ni kamar zamansa ba. Ya dawo unguwarmu Lamisula ya zauna a ƙofar ɗaki yana kallon tafin hannunsa. Mutumin da ko miya nake yi sai ya leƙo ya ce gishiri ya yi yawa, yanzu ko tari ba ya yi. Wallahi na ji tsoro, don na ga ya yarda da maganar matar nan.

Ana gobe Kirsimeti na kama kazata na sayar, na wuce kanti na sayo cakulan. Na aro tire wurin Gumsu maƙwabciyata, na soya gyaɗa da riɗi, na yayyanka dabino.

"Agnes, me za ki yi?" in ji shi.

"Abin da aka kore ka a kansa."

"Babu firij."

"Ina ruwana da firij? Kakata firij ta sani?"

Ya kau da kai. To, kau da! Na hura gawayi daidai gabansa, na ɗora tukunyar ruwa, na aza kwano a bakinta, na kakkarya cakulan a ciki. Ya fara narkewa, ƙamshi ya cika gidan. Ina juyawa ina satar kallonsa, shi ma yana satar kallon kwanon.

"Kai, abin nan ya yi kauri kamar kunun jiya," na faɗa da ƙarfi. "Bari in tsinka shi."

Na ɗebo ruwa a moɗa, na ɗaga shi saman kwanon.

"Ke!"

Ban san lokacin da ya tashi ba. Ya riƙe mini wuyan hannu har ruwan ya zube a zanena.

"Kina hauka ne? Ɗigo ɗaya ya shiga, ya dunƙule ke nan! Ba ni cokalin nan. Matsa!"

Na matsa. Ya rage wutar, ya goge gumin gindin kwanon da tsumma, ya shafa wa tiren mai, ya kwarara cakulan ɗin ya baje shi da bayan cokali, siriri, ko'ina daidai. Hannun da aka ce ya lalace ko rawa bai yi ba. Ya barbaɗa gyaɗa da riɗi da dabino yana mita wai na yanka dabinon manya-manya. Daɗi ya kama ni har na kusa yin guɗa.

Shi da kansa ya cika randarmu da ruwa, ya jiƙa yashin gindinta, ya ɗora tiren a bakinta, ya kife ƙwarya a kai.

Da sanyin safiya ya ɗaga ƙwaryar, ya sa yatsa biyu ya karya gefe. Ƙas! Gumsu da ke leƙe ta kan katanga ta buga shewa.

Ya daɗe yana juya ɓallin a hannunsa, sannan ya dube ni.

"Kin san ba a zuba masa ruwa, ko?"

"Baban Ladi, shekara goma sha huɗu kana cika mini kunne da shi."

Na ɗauko takarda na ce zan ƙunsa ɓalli ɗaya in kai GRA da ƙafata, Madam ta gani da idonta. Ya karɓe takardar, ya miƙa wa Gumsu babban ɓalli, ya rufe sauran don mutanen coci.

"Ko ɓarɓashi Madam ba za ta ci ba," in ji shi. "Kuma miyar da kika ɗora, gishiri ya yi yawa."